Yadda za mu koya ma yaranmu kare kansu daga masu lalata, tun daga gida har islamiyya

Duk sanda aka ji labarin fyaɗe a garin nan namu na Katsina abu guda muke yi, a yi salati, a tsine ma wanda ya aikata, a ce Allah ya tsare mana zuri'a, bayan kwana biyu an manta sai wani ya sake faruwa a wata unguwar. Addu'a kam dole ce, amma yarinya 'yar shekara biyar da mai shagon layinsu ya ce ma ta shigo ciki ta amshi canji, sai an koya mata da baki abin da za ta yi, kuma wallahi mafi yawanmu ba mu taɓa zama mun koya ba saboda kunya. Shi kuwa mai lalatar kunyar nan tamu ita ce jarinshi, ya san yarinyar ba ta san sunan abin da aka yi mata ba, ya san ko ta sani tsoron duka ba zai bari ta faɗa ba.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF sun yi bincike kan cin zarafin yara a Najeriya, suka samu mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ku lura har da maza fa. Kuma galibi ba baƙo ba ne da ya diro daga wani gari, wanda yaro ya sani ne, maƙwabci, mai shago, malamin lesin, yaron gida, wani lokacin ma ɗan uwa na jini da ke cin tuwo a gidan. Shi ya sa "kar ki kula wanda ba ki sani ba" da muke ta nanatawa ba ta wadatarwa.

A fara da sunayen jiki, tun yaro na shekara 3 ko 4, lokacin da ya fara haɗa magana. Ba wai a kira taro ba, a'a, lokacin wanka ne ko shafa mai ko kina yi mata tsifa, kamar yadda kike ce mata wannan ido ne wannan kunne, haka za ki ce wannan gaba ne, wannan ɗuwawu, wannan nono, da muryarki ta kullum ba tare da kin ɓata fuska ko kin yi dariya ba. A daina "abin nan" da "wajen nan". Yarinyar da ta zo ta ce Mama wane ya taɓa mani abuna, kina tsakiyar tuƙa tuwo za ki ɗauka 'yar tsanarta take nufi ki ce ta je ta yi wasa, amma wadda ta ce ya taɓa mani gabana ba mai jin wannan ya ci gaba da tuƙi. Likita ma da ɗan sanda da alƙali kalmar da ta fito fili suke iya aiki da ita. Masu cewa wannan koya ma yara rashin kunya ne, dan Allah a islamiyya mi ake karanta masu a Ahalari da Ishmawi? Ba a nan suke jin abin da ke warware alwala da wanda ke wajabta wanka ba? Nana A'isha da kanta ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. To mu ina muka samo tamu kunyar da ta fi tasu.

Daga sunaye sai doka, kuma a yi ta gajera yadda yaro zai haddace: duk wurin da wando da shimi suka rufe, da baki, naki ne ke kaɗai. Ba mai gani, ba mai taɓawa, ba mai ɗauka a hoto. Kuma ba wanda zai ce ki kalli nashi ko ki taɓa mashi, ko ya nuna maki bidiyon masu tsiraici a waya. Wannan kashi na biyun ana yawan mantawa da shi alhali da yawa ta nan suke farawa. Sai ki faɗa mata waɗanda aka cire, wato Mama in tana yi maki wanka ko tsarki, da likita ko nas in Mama ko Baba na tsaye a wurin. Da zarar yaro ya iya tsarki da kanshi a bar shi ya yi, a kuma daina barin su suna yawo tsirara a ƙofar gida da sunan ai yara ne.

Inda aikin yake da wuya shi ne wajen tarbiyyarmu ta girmama manya. Mun rene su a kan in babba ya kira ka ka amsa, in ya aike ka ka je, kar ka yi mashi musu, kar ka ɗaga ido ka kalle shi, kuma duk wannan tarbiyya ce mai kyau ba na cewa a yar da ita. Amma yaro ba ya gane inda doka take da iyaka sai an nuna mashi iyakar, don haka ki faɗa ƙarara, ki kira sunaye ma: ko Kawu ne, ko Baffa, ko Yaya, ko Malam, ko wanda ke jan mu sallah, in ya ce ki cire wando ko ki biyo shi ɗaki ki rufe ƙofa, ki ce a'a ki fito, ba rashin kunya kika yi ba kuma Allah ba zai kama ki ba. Wannan jimlar ta ƙarshe kar a bar ta, saboda yaranmu suna tsoron zunubin saɓa ma malami fiye da yadda muke zato. Haka in yarinya ta ƙi zuwa wurin wani babba, ta maƙale a jikinki, kar ki tura ta da ƙarfi kina cewa ke ba ki da kunya babanki ne fa. Ta durƙusa ta gaishe shi daga nesa ya isa. Ni dai wasan nan na "matata ce, yaushe za a kawo mani ita" da manyan maza ke yi da 'yar shekara shida ba ya burge ni, na san al'ada ce tsakanin kaka da jika da abokan wasa kuma mafi yawan masu yi ba su nufin komi, amma in ya kai ga ɗora ta a cinya da shiga da ita ɗaki to uwa ta sa baki, ko da za a ce ta cika tsirfa.

Sai maganar sirri. Kusan duk mai lalata da yaro da abu biyu yake rufe mashi baki, kyauta da barazana. Alawa, biskit, awara, naira hamsin ko ɗari, ko ya ba shi waya ya yi gem, sai a hankali ya ce wannan tsakaninmu ne kar ki faɗa ma kowa. In ta nuna za ta faɗa sai ya juya, zan yanka ki, mamanki za ta mutu, ba wanda zai yarda da ke, cewa za a yi ke 'yar iska ce. Abin yi shi ne ki riga shi faɗin waɗannan kalmomin. Ki ce mata akwai mutanen da za su ce in kin faɗa zan mutu, ƙarya suke, ba abin da zai same ni, kuma duk wanda ya ce kar ki faɗa ma Mama to wannan maganar ce ta farko da za ki kawo mani. Ranar da wani ya furta mata su za ta tuna an taɓa gaya mata.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba in gidan ba a iya kawo ƙara a zauna lafiya. Yaron da ya fasa kofi aka zane shi da wayar caja, ya dawo da kuɗin aike ba daidai ba aka zane shi, shi ne kike tsammanin zai zo ya ce maki ya bi wani cikin kango an yi mashi abu? Ba zai zo ba. Ki yi masu alkawari da bakinki, Baba ma ya yi, cewa a kan maganar jikinsu ba duka ba zagi, ko da wurin da aka hana su zuwa suka je, ko da sun amshi kuɗin. Kuma in kin ga yaro da kuɗi ko alawar da ba ke kika ba shi ba, ki tambaya cikin raha wa ya ba ka, a ina, kai da wa, ba da bulala a hannu ba. Ki sa kowane yaro ya zaɓi manya uku da zai iya faɗa mawa in ba ki nan ko in kunyarki yake ji, ƙila Gwaggo, ƙila Inna, ƙila wata malama a makaranta, ki ce in na farko bai saurara ba ya je wurin na biyu.

A riƙa gwadawa kamar wasa. Ki ce to ni ce mai shago, na ce zo ciki in ba ki minti, mi za ki ce? Ta ce a'a da ƙarfi, ta ce ka sake ni zan faɗa ma Mamana, ta ruga inda mutane suke. Za su yi ta dariya, ba komi, a maimaita bayan wata ɗaya ko biyu, kamar hadda ce in ba a tilawa zubewa take. Ki kuma gaya masu wani lokacin tsoro kan sa mutum ya sandare ya kasa ihu ya kasa motsi, wannan ba yarda ba ce kuma ba laifinshi ba ne. Manya ma su ji wannan, don "mi ya hana ki ihu" ita ce tambayar farko da muke jefa ma yarinya.

Kar wani ya ce surutu ne kawai. A unguwannin talakawa na Nairobi a Kenya an koyar da 'yan mata 'yan makaranta wani shiri mai suna No Means No, wato a'a tana nufin a'a, darasi 6 na awa biyu-biyu, awa 12 kenan gaba ɗaya, yadda za su gane haɗari, su ƙi da baki, su yi ihu, su ƙwaci kansu in ta kama, su kuma samarin aka yi masu nasu darasin daban. Da masu bincike suka bibiya sai suka ga fyaɗe ya ragu da kusan rabi a cikin waɗanda aka koyar. Awa 12 fa, bai kai lokacin da muke ɓatawa a biki ɗaya ba.

Yanzu iyaye maza, Malam, Alhaji, wannan ɓangaren naku ne kuma kun bar ma mata shi. Ɗa namiji ana lalata da shi, a makarantar kwana, a wurin koyon sana'a, a shagon samari, balle almajirin da ke kwana a soron mutane ba mai tambayar ina ya kwana, kuma shi ya fi mace ɓoyewa saboda gorin da zai sha. Duk abin da aka koya ma ƙanwarshi a koya mashi. Sannan wanda zai yi fyaɗe gobe yau yana gidan wani yana cin abinci, ba daga sama yake faɗowa ba. A Suratun Nur aya ta 30 maza aka fara umarta da runtse ido kafin a zo kan mata a aya ta 31, amma mu wa'azin gida duk a kan hijabin yarinya yake ƙarewa. Ka zaunar da ɗanka tun ya fara balaga, ka yi mashi bayanin mafarki da wanka da kanka kafin abokai da waya su yi mashi nasu, ka ce mashi in mace ta ce a'a magana ta ƙare, kuɗin da ya kashe wurin zance ko katin da ya tura bai sayi jikin kowa ba, yarinya ƙarama kuwa ko ta ce eh babu wata yarda a wurinta. Ka gaya mashi in a majalisa wani na alfahari da abin da ya yi ma 'yar mutane, ko ana tura hoton wata a guruf, wanda ya yi dariya ya tura gaba shi ma yana ciki. In ya ga an ja yarinya lungu ya yi magana, ya kira mutane. Ka kuma sa ido kan ƙwaya, ba a banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Tsarin kwana ma darasi ne. Hadisi ya ce a raba ma yara wurin kwana in sun kai shekara 10, aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta koya ma yara neman izini a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya, da bayan isha'i. Na san da yawa ɗaki ɗaya gare su, to ko labule ne a sa, ko tabarma daban, kuma baƙo namiji da ya zo kwana ko ɗan uwa ne kar a haɗa shi shimfiɗa da yara.

'Yan mata da suka fara riƙe waya nasu darasin daban ne. Wanda ya fara da sallama a Facebook ko TikTok, ya koma WhatsApp, ya tura data, bayan sati biyu ya ce turo hoto ba hijabi, daga nan a wuce wurin, sai ya juya ya ce in ba ki zo inda nake ba zan watsa. Ki gaya mata tun kafin ki damƙa mata wayar cewa hoton da ya fita ba ya dawowa, amma in har ta riga ta tura, kar ta je, kar ta biya ko sisi, kar ta goge saƙonnin don su ne shaida, ta zo ta same ki. Wadda za ta tafi jami'a ko kwaleji kuma ta san ba a zuwa ofishin malami ita kaɗai bayan an tashi, ta tafi da ƙawa.

Maganar talla ba zan tsaya wa'azi ba, na san wani gidan in ba a fita da fura ko gyaɗa ba ba za a ɗora tukunya ba. In dole ne to su fita su biyu, ba shiga shago, ba shiga gareji ko kango ko ɗakin kowa, mai saye ya fito waje, kuma a dawo kafin magariba. Babba a ciki shi ne uwa ta daina dukan yarinya a kan kwantai. Yarinyar da ta san in ta dawo da saura za ta sha duka, ita ce wadda in wani ya ce zo ciki in saye duka za ta bi shi.

Makaranta kuma, ta boko ce ko islamiyya, ku je da ƙafarku ku yi tambaya, ba rashin ladabi ba ne. Banɗakin mata daban yake da na maza, yana da ƙofa? An yarda malami ya keɓe da ɗaliba a ofis ko ya aike ta gidanshi ta yi mashi shara? In abu ya faru wa yaro zai faɗa mawa, akwai malama mace da aka ware? Islamiyyar dare ƙarfe nawa ake tashi, su wa ke rako yara? Malamin lesin da ke zuwa gida a tsakar gida zai koyar ko a falo ƙofa buɗe, ko shekara goma kuka yi da shi, kuma malamin kirki ba zai ji haushi ba don shi ma kariya ce gare shi. A tada maganar a taron iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta. Tun 2003 akwai manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau da aka tsara ma makarantun ƙasar nan, Katsina kuma tana cikin jihohin farko na shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafa ma, wanda ke da darasin dabarun rayuwa na 'yan matan sakandare, to ku tambaya ko ana yi a makarantar ɗiyarku, ku nemi a nuna maku abin da ake koyarwa maimakon jin jita-jita.

In kuma duk da haka yaro ya zo ya faɗa, ko kin ga alama, tafiya ta canza, fitsarin kwance ya dawo, yana tsoron wani mutum da da yake so, ko yana wasan da ya fi ƙarfin shekarunshi, to ki daure ki riƙe fuskarki. Kar ki kurma ihu, kar ki mare ta. Ki ce na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa mani. Ki bar ta ta faɗa da kalmominta, kar a tara dangi kowa ya zo ya sa ta maimaita. Kar a yi mata wanka, kar a gasa ta da ruwan zafi ko bagaruwa kamar yadda aka saba, kar a wanke kayan da ke jikinta, a naɗe su a takarda ba a leda ba, a wuce asibiti a ranar. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28 amma sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma yana aiki har zuwa kwana 5, da allurar ciwon hanta da maganin sauran cututtuka. A cikin garin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Janar, da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'adua, mutanen Daura kuma akwai babban asibitinsu. Ko kwanakin sun wuce a je, a kuma nemi rahoton likita a rubuce.

Daga nan sai 'yan sanda, in ana buƙatar mai tsayawa akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ma'aikatar mata. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015 ta tanadi hukunci har ɗaurin rai da rai kan fyaɗe kuma ta amince ana yi ma namiji ma, Katsina ita ma Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa hannu a kan tata a ƙarshen 2023. Za a zo maki da maganar sulhu, dattawa za su taru a ce a rufa asiri, ɗan uwa ne, wa zai aure ta in aka ji. Asirin yarinya ana rufa shi ta hanyar ƙin saka sunanta da hotonta a Facebook da ƙin yawo da labarin gida-gida, amma wanda aka kashe ma magana ya koma shagonshi, akwai sauran yara a layin. Kar kuma samarin gida su ɗauki doka a hannu, ƙarshenta su za a rufe shi yana waje.

Bayan an sallamo ta kar a cire ta daga makaranta, kar a yi saurin aurar da ita don a huta da magana, balle a ce wanda ya yi shi zai aura. In unguwa ta yi mata zafi a canza mata makaranta ko ta zauna wurin Gwaggo na ɗan lokaci, a tabbatar ta shanye maganin kwana 28 ɗin nan ko da yana sa ta tashin zuciya, a koma asibiti ranar da aka rubuta don sake gwajin jini, a kuma tambayi likitan ko akwai mai ba da shawara da za ta riƙa gani.